Shingen da na so in tumɓuke a Manchester

Ranar da muka karɓi mabuɗin gidanmu a kudancin Manchester, abin da ya fara tsone mini ido shi ne shingen ganyen da ke ƙofar gida. Daga farkon layin har ƙarshensa kowane gida da irinsa, sai dai na mutane an yi musu aski tsaf, namu kuwa ya yi buzu-buzu, ya cinye rabin hanyar masu tafiya a ƙasa. Turawa na kiran itacen privet.

Ni mutumin Zariya ne. A wurinmu gida katanga ce da zaure, shinge kuwa na gona ne ko garka. Saboda haka tun a daren na yanke shawara: a tumɓuke shi, a ja katangar bulo wadda ta fi tsayin mutum. Uwargida ta ce, "Baban Abba, ka dai yi tambaya tukuna, nan ba Tudun Wada ba ce." Da na tambaya sai na tarar a Ingila ba ka da ikon gina katangar da ta wuce mita 1 a bakin titin mota sai da izinin hukumar gari. Shingen itace kuwa galibi ba ya buƙatar izini, sai in ya wuce mita 2 ya tare wa maƙwabci haske ya kai ƙara. Ashe mutanen layin ba son ganye kawai suke yi ba, sutura suke nema ta hanyar da doka ta bari.

Sauran bayanin daga bakin tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu na same shi. A layin aka haife ta, ta haura tamanin. Ta ce hukumar da ta gina gidajen ita ta dasa shingen, kuma tana yarinya wanda ya bar nasa ya lalace sai an yi da shi a unguwa. Daga baya na bi diddigi na ga abin ya wuce layinmu. Tsakanin 1919 da 1939 an gina gidaje kusan miliyan 4 a Birtaniya, akasarinsu a bayan gari, galibi da ɗan fili a gaba. Unguwar Becontree kaɗai, a gabashin Landan, tana da gidaje wajen 26,000. Wanda zai shata iyakar gidaje masu yawa haka yana neman abu mai arha, mai saurin girma, mai wuyar mutuwa. Irin da aka fi dasawa asalinsa daga Japan ne, an kawo shi a ƙarni na 19, kuma ya fi na dajin Ingila riƙe ganye a lokacin sanyi. Babbar baiwarsa ita ce jure hayaƙi. A zamanin da kowane gida da kowace masana'anta ke ƙona gawayin kwal, kafin hazon da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952 ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956, itatuwa da yawa shaƙewa suke yi su mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Sannan a yaƙin duniya na biyu aka bi tsofaffin unguwanni ana yanke shingayen ƙarfe don aikin yaƙi, mutane da dama suka cike gurbin da shi.

To, na haƙura da katanga, na sayo injin aski mai waya. Nan aka fara koya mini darasi.

Wata Asabar a watan Mayu na kunna inji na ci kamar taku uku, sai tsohuwar ta fito da sauri tana ɗaga hannu. Ta buɗa rassan ta nuna mini sheƙa da ƙwai huɗu shuɗaye, na baƙin tsuntsun nan mai rawayan baki. Ta ce lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita laifi ne a dokar kare namun daji ta 1981, kuma daga Maris zuwa Agusta sai mutum ya leƙa ciki kafin ya yanka. Na naɗe wayata, muka zauna da shinge mai aski rabi har 'ya'yan suka tashi. Da na dawo aikin kuma, ina cikin sauri na datse wayar injin da kaina, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Tun daga ranar nake rataya wayar a kafaɗa ta bayana.

Kuskuren da ya fi cin rai ban gane shi ba sai bayan shekara. Nakan aske saman ya yi faɗi ya yi kyau, ƙasan kuwa ba na sunkuyawa sosai. Saman ya yi wa ƙasan inuwa, ganyen ƙasa ya zube, sai ƙafafu tsirara da robobi da ledojin da iska ke tarawa. Yadda ake yi shi ne gindi ya fi kai faɗi, kamar ginin katangar ƙasa irin ta gida, don rana ta samu kowane sashe. Kuma a ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu, domin ido maƙaryaci ne. Wanda ya dogara da shi zai ja baya ya ga shingensa ya yi tudu da kwari.

Gyaransa sai da zarto. A watan Afrilu, bayan na tabbatar babu sheƙa, na sare gefe ɗaya har kusa da kututture, na bar ɗayan sai baɗi. Kwana biyu ina jin kunyar fita, don abin ya koma kamar tarin ƙirare. Na zuba masa taki, na ba shi ruwa. Kafin mako shida tsiro ya feso daga busasshen icen ko'ina. A nan na fara ganin girmansa, domin akwai itatuwan shinge da in ka yi musu haka sun tafi ke nan.

Amma fa arharsa a wurin saye ce kawai. Sau biyu ko uku yake neman aski kowace shekara, kuma kowane aski buhu-buhu ne na ganye. Jijiyoyinsa kuma mayunwata ne. Uwargida ta shuka alayyafo da tumatir a gindinsa, suka tsaya cak kamar an yi musu baki, sai da ta mayar da su cikin tukwane. Ita ce ma ta lura ganyensa ya yi kama da na lalle, kuma ba ita kaɗai ba, don wani sunan lalle a Ingilishi shi ne privet na Masar. Amma kamannin a ido kawai suka tsaya: wannan ba ya ƙunshi, baƙaƙen 'ya'yansa kuma guba ne, abin da muka fara ja wa yara kunne a kai ke nan.

Akwai wani giɓi kusa da ƙofa inda tsohon mai gidan ke ajiye kwandon shara. Da kaka ta yi na yanko rassa goma masu kaurin fensir, na soke su a ƙasa kamar yadda muke dasa aguwa a iyakar gona. Bakwai suka kama. Yanzu na tsayar da shingen daidai ƙirjina: in mun shimfiɗa tabarma da bazara mai wucewa ba ya ganinmu, in na miƙe kuma muna gaisawa da tsohuwar ta samansa. Kusurwa ɗaya ce ba na taɓawa sai ƙarshen Yuli, don ta yi farin furenta ƙudan zuma su samu. Uwargida ta ce warinsa na sa ta ciwon kai, duk shekara sai mun yi wannan gardamar, ta rufe tagar falo.