Wasiƙa Zuwa Maraɗi: A Ɗaga Kejin Ɓeran Masar Domin Masu Ciwon Baya

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana na Maraɗi, daga Zariya zuwa Bagalam, daga Mokoyo zuwa Ali Ɗan Sofo. Ina gaishe ku daga birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da dabbobi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kiwon ɓeran Masar a cikin ɗaki, musamman a gidajen da mai kula da shi yake fama da ciwon baya. Na san yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Yaro ne yake naci har a saya masa, amma da zarar ɗoki ya wuce, ko karatu ya tsananta, sai sharar keji da ba da ruwa su koma hannun uwa ko kaka, wato waɗanda daka da surfe da ɗaukar ruwa da goyo suka riga suka ci musu baya. Ni ma ina cikin masu wannan ciwo, kuma muna da yawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu, kuma babu lalurar da ta fi shi hana mutane aiki a duniya. Ra'ayina shi ne kejin da aka ajiye a ƙasa yana cutar da mai shi, sannan yana cutar da dabbar, saboda wanda duƙawa take yi wa zafi zai riƙa ɗaga shara daga yau zuwa gobe, alhali wannan dabba tana iya yin kashi kusan ɗari a wuni, kuma warin fitsarin da ya kwana yana lalata mata huhu.

Saboda haka farkon abin da za a auna shi ne mutumin da zai yi aikin. Ya tsaya a miƙe, a auna daga ƙasa zuwa ƙugunsa, a sa daɓen kejin wajen nan ko ƙasa kaɗan. Ga yawancin mutane wannan yana faɗowa tsakanin santimita 70 da 85. Bakin bangon kejin kada ya wuce gwiwar hannu, domin idan ya wuce sai mutum ya ɗaga kafaɗa ya leƙa ciki, sai ciwon ya tashi daga ƙugu ya koma wuya. Wanda tsayuwa take gajiyar da shi, a yi masa a tsayin teburin cin abinci, kamar santimita 75, a bar fili a ƙarƙashi yadda zai jawo kujera ya shigar da gwiwoyinsa ya yi aikinsa a zaune.

Inda aka fi yin kuskure shi ne faɗi. Mutum zai ɗaga keji yadda ya kamata, amma ya yi shi da faɗin da hannu ba ya kaiwa ƙarshe, alhali ɓeran Masar a lungu yake son yin fitsari, kuma sau da yawa lungun baya yake zaɓa. Miƙa hannu nesa tare da karkatar da jiki ya fi duƙawa kai tsaye wahalar da gadon baya. Idan kejin zai jingina da bango, faɗinsa ya tsaya tsakanin santimita 60 da 70, a ƙara masa tsawo. Ƙungiyoyin kare dabbobi na Amurka suna ba da shawarar cewa guda biyu suna bukatar aƙalla murabba'in mita 0.7, kuma murabba'in mita 1 ya fi. Keji mai santimita 70 a faɗi da 140 a tsawo ya kusan cika wannan, kuma yana ba su filin gudu, wanda shi ne abin da suke so, tunda ba su iya hawa ba, tsallensu ma ba shi da nisa. Don haka bangon santimita 30 zuwa 35 ya isa ya tsare su. Keji mai hawa biyu kuwa ban ba mai ciwon baya shawararsa ba ko kaɗan, domin hawan ƙasa zai mayar da shi ga duƙawar da yake gudu.

Na ce guda biyu ne da gangan. Asalin wannan dabba tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru da Bolibiya suka shafe dubban shekaru suna kiwon ta, kuma a garke take rayuwa. A nan Suwizalan, tun shekarar 2008 doka ta hana a ajiye ta ita kaɗai. Mata biyu sun fi sauƙin haɗawa. Idan aka haɗa mace da namiji, a sani cewa cikinta kwana 59 zuwa 72 ne, kuma ƴaƴa maza suna iya barbara tun suna da ƴan makonni, saboda haka a raba su da uwar da ƴan'uwansu mata a sati na uku. Kowace haihuwa ƙarin keji ce da ƙarin shara, kuma dabbar takan kai shekara 5 zuwa 7, don haka mai ciwon baya ya yi lissafinsa tun kafin ya fara.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Masu walda da kafintocin Maraɗi sun ƙera abin da ya fi wannan wuya. A yi ƙafafun da ƙarfe saboda gara, a ɗaure su da sanda ta gicciye don kada teburin ya yi rawa, a sa tayoyi masu birki idan ɗakin na siminti ne, yadda za a tura shi maimakon a ɗauka. Bangon gaba a yi masa pata daga ƙasa da sakata a sama, domin ya buɗe ya kwanta, a share dattin kai tsaye zuwa cikin bokitin da aka ɗora kan kujera. Sai dai a gaya wa mai aikin a fili cewa ba akurkin zomo ake so ba. Daɓen raga, wanda kashi yake zuba ta ƙasa, yana da sauƙin shara, shi ya sa masu ciwon baya suke sha'awarsa, amma tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashi irin na zomo, kuma waya tana ji masa ciwon da yake kumbura ya yi ruwa ya ƙi warkewa. Daɓen ya zama shafaffe, katako da aka lulluɓe da ledar ɗaki mai kauri wadda aka naɗe gefenta sama kamar santimita 10. Tunda gidajenmu ba sa rasa kyanwa da gafiya, a yi murfi na raga mara nauyi, a raba shi biyu yadda hannu ɗaya zai ɗaga.

Ɗaga keji yana da haɗarinsa. Ƙashin wannan dabba ba shi da ƙwari, faɗowa daga tsayin tebur tana iya karya ta ko ta kashe ta. Kada a bar ƙofar gaba a buɗe a juya baya. Idan za a ɗauke ta, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, a manna ta da jiki, yara kuwa su zauna kan tabarma kafin a miƙa musu.

A nan Turai mutane da yawa suna shimfiɗa bargo mai tsotse ruwa su wanke da inji. Ban ga amfaninsa ga wadda za ta sunkuya kan baho ta wanke da hannu ba. Ɓawon katako mai kauri da ake samu wajen kafinta ya fi, muddin ba garin zarto ba ne mai ƙura, kuma ba na katakon da aka shafa wa magani ba ne. A kwashe wurin da ya jiƙe kullum da ɗan faranti, aikin minti kaɗan, a canja duka sau ɗaya a sati a cikin ƙananan bokitai. Ciyawa ma kada a bar ta cikin ƙaton buhu a ƙasa. A sa yaro ya rarraba ta cikin ƙananan kwanduna a ɗora kan wata kanta kusa da kejin.

Ciyawa ce mafi yawan abincinsu, domin haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce take rage su. Busasshiyar ciyawa mai laushi kamar harƙiya ko kyasuwa ta dace, a tsince ƙarangiya. Harawar wake da ta gyaɗa, wadda muke ba jar akuyarmu, a ba manya kaɗan kawai, saboda sinadarin kalsiyam da yake cikinta da yawa yana iya haifar musu da tsakuwar mafitsara. Jikinsu ba ya haɗa bitamin C, kamar na ɗan Adam, don haka kullum su sami yankan tattasai mara yaji ko ɗan gwaiba, da ɗan ganyen zogale irin na lambunan Jiratawa jefi-jefi. Albasa da tafarnuwa da ganyen dankalin Turawa guba ne gare su. Idan sun yi rashin lafiya, kada a ba su maganin mutane, musamman fenisilin da amoksisilin, domin suna kashe su. A nemi likitan dabbobi.

Abin da ya fi damuna game da Maraɗi shi ne bazara. Dabbar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, tana fara galabaita idan zafi ya doshi 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Iska mai zafi sama take tashi, saboda haka kejin da aka ɗaga a ɗakin kwano mara silin ya fi na ƙasa zafi. A zaɓi ɗakin ƙasa ko wanda inuwar itace take rufewa, nesa da tagar da rana take shiga, a sa fallen tayil ko kaskon da aka jiƙa a ciki su kwanta a kai, da kwalbar ƙanƙara naɗe cikin tsumma idan ta samu. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, gara ya haƙura da wannan kiwo. Da hunturu kuma a rufe gefen da iska take bugowa da dare, a bar sama a buɗe.

Ga iyayena masu ciwon, idan ya sauka ƙafa da sanyin jiki ko kasala, ko fitsari ya fara kuɓucewa, to ya wuce gyaran keji, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ga samarin gida kuma, ku ɗauki awon Inna ko Kaka da kanku, ku kai wa mai walda, kuma ranar babbar shara ku ne za ku ɗauki bokitin.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku a Jeneba.