Littafin Roƙonta

Yau a sujada wata 'yar'uwa ta ba da shaida: ta samu aiki bayan shekara 7 tana nema. Abin da ya taɓa ni shi ne ɗan littafin da ta ɗaga, inda take rubuta kowane roƙo da ranarsa, bayan ta karanta Zabura 130 da asuba.

Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 2 na ƙarshe, mai shayar da sarki ya mance da shi a kurkuku. A irin wannan dogon jira ne yawancinmu ke karaya, mu daina zuwa zumunta, ko mu kai kuɗi wurin masu sayar da addu'a. Har yanzu ina tunanin roƙe-roƙenta da ba a amsa ba tukuna.