Daga Gaya Zuwa Gidan Makama: Tubali, Azara da Alewa

Motar farko da ke tashi daga Gaya bayan sallar asuba na bi. Muka tsallake gadar Wudil, muka wuce Mariri da Hotoro, kafin hantsi ina cikin a-daidaita-sahu na nufi cikin birni. Duk tsawon hanyar nan, ƙauyukan da a da soraye ne zalla yanzu bulo da kwano sun mamaye su. Ginin ƙasa ne ya kawo ni Kano, shi ya sa na fara da Gidan Makama.

Gidan yana dab da fadar Sarki. Tun ƙarni na 15 yake, a nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Turawa sun yi amfani da shi bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna. Amma ni bango na zo kallo.

Da shigarka zaure sanyi zai tare ka, alhali ba fanka ba na'ura. Kaurin bango ne ya jawo haka: zafin rana yana daɗewa kafin ya ratsa shi, sai dare ya yi sannan ya saki ɗumin. Tubalin da aka yi shi da shi jar ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana biyu tana tsimuwa, sannan aka mulmula da hannu, gindi faffaɗa kai tsukakke, aka shanya har ya bushe ƙarau. Wajen ɗorawa, faffaɗan gindin ne a ƙasa. Tushen bango yakan ci tubali da yawa a jere, yana hawa yana sirancewa. Kuma ba a yi masa gaggawa. In ka ɗora sabon sahu a kan wanda bai sha iska ba, bangon zai yi ciki, daga baya ya tsage.

Na daɗe kaina a sama ina kallon rufi. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, sai dai tana da iyaka: in tazarar ta wuce kamar taku shida, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Wannan ne dalilin bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango, a ɗora wata ta ɗan zarce ta farko, a ɗaure da igiya, haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da yaɓe. Da haka soro mai faɗi yake tsayawa ba ginshiƙi a tsakiyarsa.

Abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne, ta ka da ta gindi. Ta ka, ana shafe rufin da laso, wato katsi da gashin jima da ruwan dafara, a fitar da indararo mai tsawo don ruwan ya zuba nesa da bango. Jikin bangon kuma makuba ake sa masa, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Kafin kowace damina a bi tsaga a toshe, a sabunta yaɓe inda ya zaizaye. Kuskuren da ya yi yawa a ƙauyukanmu shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Ba sa kama juna. Laima ta shiga ta bayansa ba ta da hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓantaro da rabin bango. Sai a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko.

Na biya ta karofin Ƙofar Mata, tunda katsin nan daga dagwalon ƙasan rijiyar rini ake samo shi, a busar a ƙone. Daga nan na leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Adon da aka yi wa fuskar gidan da zankwayensa kaɗai sun isa dalilin zuwa.

Bayan la'asar na shiga wani lungu kusa da Kasuwar Kurmi, na tarar da wani dattijo yana jan alewa a jikin turke. Awon mai sauƙi ne: sukari kofi biyu, ruwa rabin kofi, ruwan lemon tsami guda ko ɗan jiƙon tsamiya. A dafa har in an ɗiga a ruwan sanyi ya daskare ya karye ƙas. Sai a juye a faranti mai mai, ya ɗan huce, a rataya a yi ta ja ana ninkawa har iska ta shige shi ya yi fari.

Na ce, "Baba, me ke sa wata alewar ta yi gari-gari?"

Ya ce, "Ɗana, ko tsami ya yi kaɗan, ko an yi ta juya ta da cokali bayan ta tafasa. In kuma ka ji ɗaci, wuta ce ta yi yawa."

Na sayi alkaki a wajen wata Hajiya da ke haɗa kayan gara. Na karya guda na duba cikinsa, don wanda aka soya da wuta mai ƙarfi bayansa yakan yi ja cikinsa ɗanye, ba ya jimawa yake yin fumfuna. Nata ya soyu har ciki, ruwan sukari ya ratsa shi. Ta ƙara mini da nakiya dunƙule biyu gyara.

Alewar na naɗe a takarda na cusa tsakiyar jaka, don in ta zauna a leda kusa da injin mota kafin Wudil ta manne ta zama curi guda. Mun iso Gaya ana kiran magariba, hadari ya haɗo ta gabas.