Ɗaci da maƙaƙi: yadda na ɗanɗana man zaitun na yankunan Italiya

A Italiya ana ɗanɗana man zaitun da irin tsari da natsuwar da ake ɗanɗana giyar inabi, kuma tun da ni ba mashayin giya ba ne, da abokan karatuna a Perugia suka fara yawon gonakin inabi, sai na karkata ga gidajen matse zaitun. A gida mun fi sanin man zaitun a matsayin magani, ƙaramar kwalba da ake saye a kantin magungunan Musulunci, a shafa ko a sha cokali ɗaya, ba tare da an tambayi daga wace bishiya ya fito ba. A can kuwa akwai irin zaitun sama da 500, kowane yanki yana alfahari da nasa, har mutumin Tuskani yakan yi musu da mutumin Puliya a kan mai da zafin da ake musun ƙwallo.

Zaman da ya fi amfanar da ni an yi shi ne cikin watan Nuwamba, lokacin girbi, a wani gidan matsa kusa da garin Trevi da ke yankin Umbriya. An jera mana ƙananan kofunan gilashi masu launin shuɗi mai duhu, domin kada launin man ya ruɗi mai ɗanɗano, saboda kore ko ruwan zinare ba shi ne shaidar inganci ba. Mutum zai ɗora kofin a tafin hannu guda, ya rufe bakinsa da ɗaya hannun, yana juya shi a hankali har man ya yi ɗumi, ana so ya kai kusan digiri 28, sannan ya buɗe ya shaƙa. Bayan nan zai kurɓi kaɗan, ya baza shi a kan harshe, ya ja iska ta tsakanin haƙora da ƙarfi har a ji ƙara, kafin ya haɗiye. Tsakanin kofi da kofi ana cin yankin tuffa kore a sha ruwa. An gargaɗe mu tun da wuri cewa kada kowa ya sha gahawa ko ya fesa turare, wanda ga Bahaushe ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Abubuwa uku ake nema, bisa ƙa'idar Majalisar Zaitun ta Duniya da ke Madrid: ƙamshin ɗanyen zaitun a hanci, ɗaci a harshe, da maƙaƙi a maƙogwaro. Biyu daga cikinsu abubuwa ne da harshenmu ya saba ɗauka aibi a mai, kuma a nan ne darasin gaba ɗaya yake.

Mun fara da na Liguriya, wanda ake matsewa daga ƙananan 'ya'yan Taggiasca da ake nomawa a gangaren duwatsun gefen teku wajen Imperia. Mai ne mai laushi, mai ɗan gardi da zaƙi-zaƙi, yana wucewa ba tare da ya taɓa maƙogwaro sosai ba, kuma yawancin baƙin da ke wurin shi suka fi yabawa a karon farko. Na Tuskani da na Umbriya 'yan gida ɗaya ne, domin irin zaitun Frantoio da Moraiolo da Leccino ake yawan haɗawa, ana kuma tsinke 'ya'yan tun suna kore kafin sanyi ya kankama. Ƙamshinsa na ciyawar da aka yanka yanzu ne, ɗacinsa a fili yake, maƙaƙin kuma yana zuwa ne bayan an haɗiye, lokacin da mutum yake zaton an gama. Tsofaffin manoman wurin har yanzu suna auna shekarun bishiyoyinsu da sanyin watan Janairu na 1985, wanda ya ƙone zaitun mai yawa a tsakiyar ƙasar, ya sa aka sare su suka sake toho daga gindi.

Coratina, irin zaitun ta Puliya, ita ce ta sa ɗakin ya kaure da tari. Tana fitowa daga wajen Corato da Andria a arewacin Bari, kuma ɗacinta yana kama harshe kamar na ɗanyen goro, sai dai shi baya barin zaƙi a baya, yaji yake bari a can ƙasan maƙogwaro. Mai jagorantar zaman ya jira har muka goge hawaye, sannan ya bayyana cewa wannan zafin daga wani sinadari ne mai suna oleocanthal, wanda masana a Philadelphia ta Amurka suka nuna a 2005 cewa aikinsa yana kama da na maganin ibuprofen. Irin waɗannan sinadarai su ne ke tsare mai daga lalacewa, shi ya sa Coratina ke daɗewa a kwalba fiye da man Liguriya. Puliya ce ta fi kowane yanki samar da mai a Italiya, ko da yake tun 2013 cutar Xylella ta busar da miliyoyin bishiyoyi a Salento, can kudancin yankin.

Na Sisili shi ne ya fi burge ni, musamman Tonda Iblea ta tuddan kudu maso gabashin tsibirin. Da na buɗe kofin sai na ji ƙamshin ganyen tumatir, irin wanda ke kama hannu idan an shiga lambu, alhali babu abin da aka zuba a ciki. Nocellara del Belice ta wajen Castelvetrano tana kusa da ita a ɗanɗano, amma ta fi sauƙi.

Jerin da na yi a takarda na wane mai ya fi wane ya rikice da aka kawo abinci. A kan farin kifi dafaffe, Coratina ta danne komai, ba a jin kifin sam, yayin da man Liguriya ya zauna daidai. A kan miyar wake da gasasshen burodi kuwa man Liguriya ya koma salam, na Umbriya da na Puliya suka tashi abincin, ɗacin nan ya narke ya zama daɗi. Don haka tambayar wane yanki ne ya fi, a ganina, ba ta da amsa sai an faɗi abin da ke cikin kwanon.

A ƙarshen zaman an miƙo mana kofi biyu masu aibi da gangan. Ɗaya tsohon mai ne, yana warin daɗewa, yana barin maiƙo mai nauyi a baki, babu ɗaci ko kaɗan. Ɗayan daga 'ya'yan da aka tara a buhu suka kwana biyu kafin a matse, har suka fara tsami. Da yawanmu mun gane warin na farkon nan take, domin shi muka daɗe muna ɗauka ƙamshin man zaitun. Tun daga lokacin, idan na ɗauki kwalba, shekarar girbi nake fara dubawa kafin sunan yanki, sannan in ga ko kwalbar mai duhu ce, ko akwai hatimin DOP da ke tabbatar da inda aka noma aka matse. Rubutun da ke cewa an ɗura man a Italiya ba ya nufin a can aka noma zaitun ɗin, domin sau da yawa gauraye ne da na Sifaniya ko Girka ko Tunisiya, kuma hakan yana rubuce da ƙananan baƙaƙe a bayan kwalbar.