Wutsiyar layi

A takarda aikin bai wuce na mako biyu ba: sauya wani kwalbati da ya rufta a ƙarƙashin titi mai zuwa da dawowa, inda dokar gudu take kilomita 80 a awa. Za a haƙe rabin titin, motoci su riƙa bin ɗaya rabin bi da bi, in an gama a juya. Ni aka ɗora wa tsara yadda motoci za su wuce, kuma wannan ne karo na farko da aka sakar mini irin wannan aiki ni kaɗai.

Na zana komai yadda aka koya mini. Kashi biyar ake raba wurin aiki: inda ake fara gargaɗin direba, inda ake karkatar da shi da robobin nan masu tsini, filin da ake bari wayam don motar da ta ƙwace ta samu wurin tsayawa kafin ta kai ga leburori, wurin aikin kansa, sai inda ake mayar da direba hannunsa. Allon gargaɗi na farko na kafa shi mita 300 kafin mai tuta, wato mutumin da ke tsayar da motoci yana sakinsu. Zanen ya yi kyau, har na ji daɗin kaina.

Ƙidayar motoci ce na yi wa riƙon sakainar kashi. Na je da hantsi, wajen ƙarfe 11, na tsaya rabin awa, na ga titi sakayau, na koma ofis.

Ranar Litinin ƙarfe 7 da rabi na safe helma ya kira ni a oba-oba. "Injiniya, zo ka ga layinka." Da na isa, layin motocin da ke jira ya wuce allon farko, ya sha kwana, ya ɓace. Na bi shi a ƙafa. Ina kaiwa bayan kwanar sai ga tirela da kaya ta taho a guje, direban bai ga allo ko ɗaya ba, domin duk allunan suna gaba da ƙarshen layin motocin da ke tsaye. Ƙarar birkinsa har yau tana kunnena. Ya tsaya, tsakaninsa da ƙaramar motar da ke ƙarshen layi bai fi taku uku ba. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙafafuna sun daɗe suna rawa.

Da yamma babban injiniyanmu ya zaunar da ni. Bai yi faɗa ba, biro ya miƙo mini. Tsawon wurin da muka rufe mita 200 ne. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin daƙiƙa 24 kafin ta fita daga ciki, kuma a wannan lokacin dole a tsare hannu biyun duka. Sau biyu ake wannan jira a kowane zagaye, wato a saki wannan hannu sannan a saki wancan, daƙiƙa 48 ke nan sun tafi a banza. In zagayen minti 3 ne, saura daƙiƙa 132, kowane hannu ya samu 66. Mota ɗaya kan wuce a kusan kowace daƙiƙa 2, wato mota 33 a zagaye, 660 a awa. "To in 800 suka zo a awa fa?" Na ce saura 140. "Kowace ka ba ta mita 7." Na buga, ya kusa kilomita guda. Ni kuwa allona yana mita 300. Ban ce komai ba sai "Yallaɓai, na gani."

Ya ƙara mini da wani lissafin. Masu zana hanya kan ba direba daƙiƙa 2 da rabi tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun kilomita 80, mota ta ci mita 55 kafin ƙafarsa ta taɓa birkin ma, balle tsayawa, balle babbar mota mai lodi. Ni duk hankalina yana kan ramin da muke haƙa, alhali wurin da ya fi haɗari yana can baya, inda mota mai gudu ke riskar mota a tsaye. Kuma wannan wuri ba ya zama guri ɗaya, yana ja baya yana dawowa gwargwadon sa'ar yini.

Washegari muka matsar da alluna can inda direba zai gan su kafin ya kai kwanar, muka ajiye mutum guda aikinsa kawai lura da wutsiyar layi. Muka rage tsawon wurin da aka rufe zuwa abin da katafila ke buƙata a ranar, domin duk mita da ka rage ka ƙara wa motoci lokaci. Muka hana tifofi shiga da fita a sa'o'in cunkoso. Masu tuta kuma muka yi musu ƙa'ida ɗaya: kada wanda ya saki motoci sai ɗan uwansa ya faɗa masa launi da irin motar ƙarshe da ya sako, kuma ya gan ta ta wuce da idonsa. Muka kuma shirya abin da za a yi in motar asibiti ko ta kashe gobara ta taho, wanda a zanena na farko ko ambatonsa ban yi ba.

Masu tafiya a ƙafa su ma na manta da su. Na toshe gefen titin da suke bi, na sa kibiya tana nuna musu wani dogon zagaye. Ba wanda ya bi kibiyar. Ta tsakanin robobi da katafila suka riƙa ratsawa, har da mai turin keken guragu. Da farko na ji haushi, daga baya na gane laifina ne. Mutum ba zai yi zagayen mita 400 ba yana hangen inda za shi. Muka buɗe musu siririyar hanya a gefe, da shinge na gaske, ba zare ba.

A aiki na gaba, kan titi mai layi biyu a kowane hannu, saura kaɗan in sake wani kuskuren. Na jera robobin karkatarwa gajere, kamar na wancan aikin. Ashe inda mai tuta ke tsayar da motoci da gangan ake gajarta jerin, bai wuce mita 30 ba, don direba ya san tsayawa zai yi. Inda kuwa layi biyu za su haɗe su zama ɗaya ba tare da tsayawa ba, ƙa'idar tsawon jerin da ake bi a Amurka ita ce, in gudu ya kai kilomita 70 a awa, a ninka faɗin layin da gudun a raba da 1.6. Layi mai faɗin mita 3.5 a gudun 80 yana neman mita 175.

Tsarin motoci na wurin taro kuwa, kamar wasan ƙwallo, na yi sau biyu. Jama'a kan zo a rarrabe cikin sa'o'i, su tashi gaba ɗaya, saboda haka daga fita nake fara tsarawa.

Yanzu duk tsarin da na kafa sai na shiga mota na bi shi da kaina, ta kowane hannu, da rana da kuma dare. A daren farko na wancan aikin kwalbati na tarar iska ta kifar da allo ɗaya, wani kuma ƙura ta dusashe ƙyallinsa, fitilar mota ba ta kama shi. Ranar da muka gama, helma ya so a bar allunan sai da safe, kowa ya gaji. Na ƙi, domin direban da ya rage gudu ya tarar ba kowa, gobe ba zai yarda da allonmu ba. Muka kwashe su a daren, muka fara daga wurin aikin muna ja da baya, allon da ke kafin kwanar shi ne na ƙarshe da muka ɗora a mota.