Abin da jakin wata tsohuwar jita ya koya mini

Ni kafinta ne tun asali, daga baya na koma gyaran kayan kiɗa masu tsirkiya. A cikin duk jitocin da suka ratsa hannuna, ba wadda ta ba ni wahala kamar wata mai kumburarriyar fuska da wani dattijo ya kawo mini a farkon hunturu. Ya ajiye akwatinta a kan tebur ya ce, "Ɗana, jakinta ya tsage, maɗauran tsirkiya biyu sun daina riƙewa. Ka duba mini ita da kyau, ta girme ka." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda."

Irin wannan jita ta bambanta da wadda aka saba gani. Fuskarta a kumbure take kamar bayan ƙwarya, da ramuka biyu masu siffar harafin f irin na gogen Turawa. Orville Gibson ne ya fara sassaƙa jita mai kumburarriyar fuska a garin Kalamazoo na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, sannan kamfanin Gibson ya fitar da wata jita mai suna ES-175 a 1949, wadda masana'antun Japan suka yi ta kwaikwayo a shekarun 1970. Ta dattijon nan ɗaya ce daga cikin waɗannan na Japan. Abin da ya kamata mai gyara ya riƙe shi ne jakinta, wato abin da ke ɗage tsirkiyoyi a kan fuskar jita, ba a manne yake da gam ba, ba a kuma kafe shi da kusa ba. Nauyin tsirkiyoyi shida ne kawai ke danne shi a wurinsa, kamar dai jakin goge.

Na san wannan, amma duk da haka na kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya ban yi alamar mazauninsa ba. Jaki ya zame, sai da na koma lissafi: na auna daga saman wuya zuwa na 12 cikin layukan ƙarfe da ke jere a wuyan jitar, na ninka biyu, na samu kusan milimita 629, wato inci 24.75 da Gibson ke amfani da shi. Tun daga ranar, kafin in taɓa tsirkiya ko ɗaya sai na kewaye ƙafar jaki da salatif ɗin takarda mara ƙarfin gam.

Babban kuskuren yana gaba. Da na ga jitar ta yi kama da ES-175 sak, sai na yi odar saman jaki na ƙarfe irin na Amurka daga wani ɗan kasuwa a intanet, na jira makonni. Da ya iso ya ƙi hawa kan sandunan biyu da ke ɗauke da shi. Ashe kama da wane ba ta wane. Amurkawa da inci suke ƙera kayansu, sandunan irin wannan jaki tiredinsu 6-32 ne, kaurin kusan milimita 3.5. Japan kuwa da milimita take aiki, nata M4 ne, milimita 4 cif. Rabin milimita ne tsakani, amma ya isa ya mayar da kaya mai tsada abin ajiya a durowa. Ban ga laifin mai sayarwa ba, abin da na nema ya aiko. Ni ne na sayi suna ban sayi awo ba, alhali kalifa, wato ma'aunin kauri, yana rataye a gabana.

Karo na biyu na auna komai kafin in biya kuɗi: tazarar sandunan, tazarar tsirkiya ta farko da ta shida, tsayin jaki daga fuska, da lanƙwasar wuya. Na sayi cikakken jaki na katako da ƙafarsa. Shi ma da ya zo bai zauna ba, kuma wannan ba aibi ba ne, domin babu jita biyu da kumburinsu ya zama ɗaya. Na ɗora shi na haska tocila ta baya, sai ga haske yana ratsowa ta ƙarƙashi, gefuna biyu kaɗai ke taɓa fuska. Jakin da ya tsaya a haka yana cinye sauti, kuma sannu a hankali gefunan nan za su lotsa katakon. Maganin shi ne a shimfiɗa samfefa a kan fuskar jitar daidai mazaunin jaki, yashin yana kallon sama, a zane ƙasan ƙafar da fensir, a riƙa goga ta gaba da baya kaɗan-kaɗan ba tare da an karkata hannu ba. Inda zanen fensir ya goge, nan ya taɓa. Na shafe yamma guda a kan wannan har zanen ya ɓace duka, hasken tocila ya daina wucewa. Da na ɗaura tsirkiya na kaɗa ta ƙasa, sai na ji jikin jitar yana rawa a ƙirjina, abin da bai yi ba ko da tsohon jakin.

A wajen maɗauran tsirkiya, wato ƙarafan da ke kan jita da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, na yi gardama da wani abokin sana'a. Ramukan tsofaffin ba su kai milimita 9 ba, na zamani kuwa galibi suna son 10. Ya ce in faɗaɗa ramin kawai, aikin minti goma ne. Na ƙi. Ƙarfe ana sake sayensa, amma katakon da aka ƙwaƙule daga kan jita mai shekara kusan hamsin ba ya dawowa. Na ƙara jira har na samu masu ƙaramin wuya. Ramukan ƙananan kusoshi da suka buɗe na cusa musu tsinken katako da gam, na bari suka bushe, sannan na sake hudawa.

Akwai kuma abin da dattijon bai lura da shi ba. Ƙarafan da ke kusa da farantin da ke kare fuska daga farce duk sun yi tsatsa kore. Tsohon farantin na seluloyid ne, irin robar da idan ta tsufa take fitar da iska mai cin ƙarfe, musamman a rufaffen akwati. Na cire shi, na zana siffarsa a kwali, na yanka sabo. Maɓallin ƙara da ya saki kuwa, tunda jitar ba ta da ƙofa ta baya, ta ramin f na fito da shi, na kuma mayar da shi da siririn tiyo na ƙarin ruwa da na sayo a kemis, na zura a bakinsa na jawo shi zuwa raminsa.

Ranar da ya zo karɓa, iskar hunturu ta busar da katakon har fuskar ta ɗan sauka, tsirkiya ta fara gogar layukan ƙarfe. Na nuna masa ƙananan faifai biyu da ke ƙarƙashin saman jaki, na ce, "Baba, yanzu na murɗa su sama kaɗan. Idan damina ta kama katako ya sha laima ya taso, sai ka sassauta tsirkiya ka sauke su." Ya zauna a kan benci ya yi ta kaɗawa har aka kira la'asar. Da zai tafi na naɗe tsagaggen jakin da tsofaffin maɗauran a ƙyalle na sa masa a akwati, tare da 'yar takarda da na rubuta duk awon da na ɗauka.