Kayan Da Yara Za Su Sa Ranar Gwajin Ƙarshe: Abin Da Aikin Makaranta Ya Koya Mana

Duk malamin da ya taɓa shirya yara don bikin raba kyaututtuka, ko walimar sauka, ko faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, ya san tambayar da iyaye ke yi idan biki ya matso: "Malama, gobe da waɗanne kaya za su zo, na gida ko na makaranta?" A makarantun Gusau da Birnin Kebbi amsar da aka fi bayarwa ita ce su zo da kayan makaranta, a adana na biki kada su yi datti. Amsar tana da daɗin ji, amma daga nan ake gayyato mafi yawan abin kunyar da ke faruwa a gaban baƙi. Yara sun yi wata guda suna maimaita rawa da waƙa har sun haddace, kayan kuwa ko sau ɗaya ba a gwada su ba. Ranar biki sai zani ya kwance, rawani ya sauko ya rufe idon yaron da ya fito a sarki.

Dokar da ta fi amfani guda ɗaya ce: abin da bai hau jikin yaro a wurin gwaji ba, kada ya hau jikinsa ranar biki. Wannan ya haɗa da takalmi da safa da ɗan kunne, har da kitso.

Sai dai iyayen da ke tsoron datti suna da gaskiyarsu. Farar shadda idan ta sha ƙasa ana gobe biki, babu lokacin wanki da guga, kuma da an wanke ta ƙyallinta ya ragu. Maganin shi ne a raba gwajin ƙarshe gida biyu. Na farko gwajin kaya, kwana huɗu ko biyar kafin biki, kowa ya sa komai tun daga hula har takalmi. Na biyu na jajibiri, a zo da tsofaffin kaya masu yanayin na biki, doguwar riga a madadin doguwar riga, zani a madadin zani, amma takalmi da abin ɗaurin kai da abin riƙo a hannu su zama na ainihi. Kwanakin da ke tsakani na tela ne. Don haka a gaya masa ranar karɓar ɗinki kwana goma kafin biki, idan kuma bikin ya faɗo kusa da Sallah a ƙara mako biyu a kai, domin kowa ya san halin alkawarin tela a wannan lokaci.

A yi gwajin kaya a wurin da za a yi bikin, a kuma daidai sa'ar da za a yi shi. Rigar da ta yi wa yaro daɗi a cikin aji ƙarfe takwas na safe, wata aba ce daban a tsakiyar fili ƙarfe goma sha biyu. A Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, yadin roba kuwa ba ya shan gumi, riƙe zafi yake yi. Yaran fareti da za su tsaya sa'o'i a fili irin na Haliru Abdu a Birnin Kebbi suna jiran manyan baƙi, su suka fi shan wahalarsa. A sa musu singiletin auduga a ciki, a tsayar da su minti ashirin cikin kayan ranar gwaji, a duba wanda ya fara lumshe ido ko jingina da na kusa da shi. Bikin Disamba kuwa hunturu ne, iyaye za su ɗora wa yaro rigar sanyi a kan kayan wasa su ɓata tsarin. A faɗa musu tun wuri cewa rigar sanyi a ciki take shiga, kuma da ita za a gwada, don a ga ko maɓalli zai rufu. Bikin ƙarshen shekarar karatu a Yuli damina ce: farin kambas a leda zai zo, a sa shi a bakin ɗakin taro.

Zanin yara mata shi ya fi komai ba da wahala. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta da ƙugun da zai riƙe ɗauri, tsalle uku za ta yi ya fara zamewa, daga nan hannunta ɗaya yana kan zani har a gama rawa, fuskarta kuma ta nuna. A ce wa tela ya kalmashe bakin zanin ya zura mazagi ko roba mai faɗin inci ɗaya, yadda daga nesa zai yi kama da ɗauri. Tsawonsa ya tsaya yatsu huɗu sama da idon sawu. Wanda ya fi haka sauka, ita ko ta bayanta za ta taka. A ƙarƙashi dole dogon wando, komai kyan ɗinkin. Ranar gwaji a sa kowace ta durƙusa ta miƙe sau biyar, ta yi tsalle, ta hau matakalar dandamali ta sauko. Siket ɗin da ya matse gwiwa a nan asirinsa ke tonuwa.

Hijabi ma yana da nasa sha'anin. Na zuwa Islamiyya mai kaiwa ƙasa ya dace da 'yan sauka da masu karatu a tsaye, amma masu wasan da ake juyi da tafi, wanda ya tsaya iya wuyan hannu ya fi. Bakin fuskar kada ya yi faɗi, a sa hula a ciki don kada ya riƙa zamewa baya. Idan za a maƙala wa yarinya ƙaramin makirufo, a waje za a maƙala shi, ƙasan haɓa da tazarar taƙi ɗaya. A ƙarƙashin hijabi ba abin da lasifika za ta fitar sai ƙarar gogar yadi. Allurar da manya ke kafe mayafi da ita ba ta yara ba ce. Fil mai rufaffen baki kawai za a yi amfani da shi, kuma kada a bar yarinya ta riƙe shi da leɓe tana gyaran ɗankwali.

Kitso a yi shi kafin gwajin kaya. Yarinyar da ta koyi rawar Fulani da ƙwarya a kan kitson kwance, idan aka yi mata shuku ana gobe biki, ƙwaryar ba ta da wurin zama, gammo ma ba zai cece ta ba. Haka aski ga maza: hular da ta zauna daram a kan suma, bayan an yi ƙwal-kwabo sai ta riƙa juyawa. A yi askin kwana ɗaya kafin gwajin kaya, ko a tanadi ɗan tsumman da za a naɗa a cikin hular.

Wasan fada kusan kowace makaranta tana yinsa, da sarki da waziri da dogarai cikin ja da kore. Babbar rigar da aka aro daga wurin wani kawu za ta ja ƙasa, yaro kuma bai iya naɗe hannunta a kafaɗa ba, sai ya ɓata wasan yana ta kiciniya da ita. A naɗe masa yadda ake so ya kasance, a kama da zare ɗinki uku ko huɗu a kowace kafaɗa. Bayan biki a warware, riga ba ta san an yi ba. Rawani kada a bari sai ranar a naɗa. A naɗa shi a kan hular da ta kama kan yaron, yadi uku ya isa, a bi shi da allura da zare ya zama kamar hula guda da za a ɗora a cire. A kuma saurari muryarsa daga kujerar ƙarshe idan amawali ya rufe baki. Sau da yawa dole a sauke shi ƙasan haɓa, in ba haka ba sarki zai yanke hukunci babu wanda ya ji. Gemun auduga da aka liƙa da gam gumi na taɓa shi yake saki gefe ɗaya. A ɗinka audugar a kan ƙyalle, a sa roba ta zagaya bayan kunne. Jan yadin dogarai mai arha yana zuba, saboda haka a jiƙa shi shi kaɗai a ga kalar ruwan kafin a haɗa shi da farin wando.

Makarantun da ke kwaikwayon kamun kifi irin na Argungu su lura da homa, abin kama kifin. Ragarta tana kama maɓalli da ɗan kunne da abin wuya, yara goma kuma a ƙaramin dandamali sai sun sarƙe juna. A ba su riga marar maɓalli, a ɗaure gora da igiyar da ba za ta shaƙe wuya ba, a gwada da homar ainihi, domin yaron da ya saba wasa hannu wofi bai san faɗin da take ci ba.

Takalmi kuma, sabo ba ya zuwa biki kai tsaye. Uwa ta sayo shi a kasuwa ana jibi, ta ɓoye a kwali, ranar biki kafin a kira ajinsu dunduniya ta yi bororo, sai ka ji "Malam, takalmina yana cizo na." A sa yaro ya riƙa yawo da shi a tsakar gida rabin sa'a kullum har kwana huɗu, da safar da zai sa ranar. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmi a bar faɗin yatsa ɗaya. Idan ɗakin taron tayil ne, a goga ƙasan takalmin a kan siminti mai kaushi har santsin ya tafi, kuma kada a bar kowa ya hau da safa zalla. Silifas ba ya rawa, ba ya fareti. Masu rawa ba takalmi a taka filin da tafin ƙafa a sa'ar da za su fito. Ƙasar da babba ba zai iya tsayawa a kai minti ɗaya ba, a shimfiɗa tabarma ko a yayyafa ruwa, a kuma share ƙaya da tsakuwa.

Kwalliya ba sai an yi ta duka ranar gwaji ba, amma duk abin da zai taɓa fata a gwada shi. Jan lalle na gargajiya yawanci ba ya da matsala, a yi shi kwana biyu kafin biki. Baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana ƙona fatar wasu yaran, kuma illar takan ɗauki kwanaki kafin ta fito, tana iya faɗowa daidai ranar biki. Gara a haƙura da shi. Tozali kada a bi yara layi da maciyi ɗaya, haka ciwon ido ke zagaye aji, wani kwallin dutsen kuma akwai dalma a cikinsa. Man shafawa mai maiƙo a ƙafa, lokacin hunturu, ƙura yake tarawa har ya ɓata bakin farin wando.

Akwai gwajin da malamai ke mantawa da shi, kuma a wurin 'yan nazire ya fi duk sauran muhimmanci: shin yaro zai iya kwance kayan da kansa idan fitsari ya matse shi? Zariyar da aka ƙulle tam, da rigar da zif ɗinta ke baya, su ke jawo kukan bayan dandamali. A kai su bayi kafin a sa kaya, a nuna musu ɗaurin da ake ja ɗaya ya kwance. Wanda zai fito sau biyu da shiga daban-daban a riƙe agogo a auna canjin kayansa. Idan canjin yana cin minti shida, abin da ke tsakanin fitowarsa biyu kuma minti huɗu ne, a sauya jerin shirin tun ranar. Mata da ɗakinsu da malama, maza da nasu, labule kuma ya rufu da gaske.

Da an sa kayan biki, ruwa kawai ake sha. Zoɓo da abinci mai manja su jira. Da an tashi a tuɓe kayan a makaranta, a rubuta sunan kowane yaro a farin ƙyalle a ɗinka ta ciki, a sa nasa a leda guda, a kulle a ofis. Kayan da suka koma gida ba sa dawowa cikakku: ƙane ya ɗauki hula, ko dutsen guga na gawayi ya huda yadin roba. Wanda ke buƙatar gyara kaɗai zai fita, a rubuta a littafi abin da za a gyara da ranar da zai dawo. Malamar da ke kula da kaya ta riƙe jaka da allura, farin zare da baƙi, fil kamar dozin biyu, roba yadi biyu, almakashi, filasta, da safa da hijabi na ko-ta-kwana.

Batun kuɗi kuwa, anko mai tsada ba ya ƙara wa wasa komai, yaran da iyayensu ba su da hali kawai yake korewa. A zaɓi kala, a bar kowa ya kawo abin da ke gida, makaranta ta tanadi 'yan kaɗan na aro ta ba da su a asirce kafin ranar gwaji, don kada wani yaro ya tsaya cikin kayan makaranta shi kaɗai a tsakiyar 'yan'uwansa.

Saƙon da za a tura wa iyaye, a takarda da kuma WhatsApp, kada ya tsaya a "a zo da kayan al'ada", domin uwa goma fassara goma za su yi masa. A rubuta shi filla-filla: "Ranar Talata ƙarfe goma, Primary 3 mata: farar riga, zani mai mazagi, baƙin dogon wando a ciki, hijabi iya wuyan hannu, kitson kwance, takalmin da za a sa ranar biki. Ban da sarƙa da awarwaro. A haɗo da kayan makaranta a leda, da su za su koma gida."